Taku, jini da jimiri: ko doki mai tattausan taku da doki ruwa-biyu sun dace da tseren dogon zango?

0. Gabatarwa

A shekara ta 1955 Wendell Robie da waɗansu abokansa suka hau dawaki daga gefen tafkin Tahoe, suka ratsa duwatsu, suka sauka garin Auburn na jihar Kaliforniya ta Amurka, tafiyar mil 100, wato kilomita 160, cikin awa 24. Wannan hawa shi ne ya zama gasar da ake kira Kofin Tevis, kuma daga gare shi ake ƙirga farkon wasan da Faransawa suke ce wa « endurance ». Don a ga girman abin, kilomita 160 ya ɗara nisan da ke tsakanin Yamai da Doso. Tarayyar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta karɓi wasan a 1982, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Italiya a 1986.

Tun daga wancan lokaci dokin Larabawa ne ya cika sahun gaba a wannan wasa. Shi ya sa masu dawaki suke yawan tambaya ko sauran dawaki suna da rabo a ciki, musamman iri biyu: waɗanda suke da wani taku na dabam mai laushi ga mahayi, da waɗanda iyayensu ba iri ɗaya ba ne. Tambayar tana da nauyi, domin wanda ya amsa ta ba daidai ba yana iya kashe dokinsa a hanya, ko ya ɓata jinin garkensa na shekaru masu yawa.

Abin da za mu nuna a cikin wannan maƙala shi ne tambayar ta tsaya a kan kalmomi uku, kowace kuwa ta tara abubuwa dabam-dabam a ƙarƙashin suna guda. In aka warware su, amsa takan fito da kanta. Za mu fara da kalmomin, mu dubi abin da tseren yake aunawa a jikin doki, sa'an nan mu ɗauki iri biyun ɗaya bayan ɗaya.

1. Kalmomin aiki

1.1. Sauri, jimiri da ƙarko

Kalmar « sukuwa » ba ta dace da wannan wasa ba. Sukuwa gudu ne na ɗan taƙi, inda ake sakar wa doki linzami ya ba da duk abin da yake da shi cikin ƴan mintoci. Hausa tana da kalmomi biyu da suka fi kusa da abin da ake nufi. « Jimiri » na mai rai ne da ya daure wa wahala har ta wuce. « Ƙarko » kuwa an fi faɗinsa ga kaya, kamar takalmi ko tukunya, kuma da shekaru ake auna shi. Mun zaɓi « tseren jimiri » a matsayin fassarar « course d'endurance », amma za mu riƙe « ƙarko » don dokin da ya daɗe yana aikin bai lalace ba.

Wannan rabe-rabe yana nan a cikin wasan kansa. Ƙungiyar AERC, wadda aka kafa a Amurka a 1972, tana lissafa duk wanda ya kai ƙarshen hanya da lafiyayyen doki cikin waɗanda suka yi nasara. Ta ba da awa 12 don mil 50, awa 24 don mil 100, tana kuma karrama doki da mahayin da suka shekara 10 suna kammala tsere tare. A manyan gasannin FEI kuwa, wanda ya riga isowa shi ne gwani. Ke nan in aka ce doki « ya dace », sai a tambaya: ya dace ya riga kowa, ko ya kai ƙarshe lafiya, ko ya yi ƙarko?

1.2. Taku

Bahaushe yana da kalmomi da dama na tafiyar doki, amma yawancinsu sauri ko manufa suke nunawa. « Kilisa » fita ce don motsa jinin doki, « taƙama » yanayin da mai kallo yake gani ne, « zamiya » kuwa yadda ake tsayar da doki ne a ƙarshen gudu. Abin da muke bukata a nan shi ne jerin yadda ƙafafu suke sauka ƙasa. Bisa ga wannan ma'auni, kowane doki yana da taku uku:

(a) tafiya, « pas » : ƙafafu huɗu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, sannu a hankali;

(b) sassarfa, « trot » : ƙafar gaba ta dama tana sauka tare da ta baya ta hagu, sa'an nan ɗaya ɓangaren, a tsakaninsu kuma doki yakan tashi sama gaba ɗaya na ɗan ƙiftawar ido. Wannan tashi da sauka shi ke jijjiga mahayi;

(c) sukuwa, « galop » : tsalle ne a jere, akwai ƙarama mai bugu uku, akwai babba mai bugu huɗu.

Waɗansu dawaki suna da ƙari a kan waɗannan. Na farko shi ne wanda ƙafafu biyu na gefe guda suke tafiya tare, dama da dama, hagu da hagu. Faransanci yana kiransa « amble ». Duk wanda ya lura da raƙumi, ko raƙuman dawa na Kure, ya san shi, don haka muka kira shi « takun raƙumi ». Na biyu taku ne mai bugu huɗu kamar tafiya, amma da saurin sassarfa, kuma ko da yaushe akwai ƙafar da ke ƙasa, saboda haka mahayi ba ya jijjiga. Shi ne « tölt » na dawakin Aislan, da « paso llano » na Peru, da « marcha » na dokin Mangalarga Marchador na Birazil, da saurin tafiyar dokin Tennessee na Amurka. Wannan muka kira « tattausan taku ».

Abin lura shi ne akan tara dukan waɗannan dawaki wuri guda kamar iri ɗaya ne, alhali dokin Aislan gajere ne mai kaurin gashi, na ƙasar ƙanƙara, dokin Tennessee kuwa dogo ne na gonakin kudancin Amurka. Taku kawai ya haɗa su.

1.3. Ruwa-biyu

Faransanci ya bambanta « croisé », wanda iyayensa dawaki ne amma iri dabam-dabam, da « hybride », wanda iyayensa ba jinsi ɗaya ba ne, kamar alfadari, ɗan jaki da goɗiya. Hausa takan ce « ruwa-biyu » ga duka. Kalmar tana faɗin cewa an gauraya, amma ba ta faɗin abin da aka gauraya. Ɗan ingarman Larabawa da goɗiyar Barbar ruwa-biyu ne, haka ma ɗan ingarman Larabawa da ƙatuwar goɗiyar jan amalanke ta Turai, amma a kan hanyar kilomita 160 ba abin da ya haɗa su.

2. Abin da tseren yake aunawa

2.1. Tashar likita

Ana raba hanyar tseren kashi-kashi, kowane kashi tsakanin kilomita 20 da 40. A ƙarshen kowane kashi akwai tashar likitocin bisashe. Zuciyar doki mai hutawa tana bugawa kamar sau 28 zuwa 44 a minti, a tsananin gudu kuwa tana wuce 200. A dokar FEI, dole bugun ya sauko zuwa 64 cikin minti 15 zuwa 20 da isowa, in ba haka ba a fitar da dokin. Bayan haka likita zai duba dasashi da fata don ya ga ko ruwan jiki ya ragu, ya saurari motsin hanji, ya taɓa baya da tsoka, sa'an nan a ja dokin ya yi sassarfa ya je ya dawo don a ga ko yana ɗingishi.

Agogo bai tsayawa sai bugun zuciya ya sauko. Mu ɗauki misali: tseren da aka raba kashi shida yana da tashoshi biyar a tsakani. In doki na farko yana saukowa cikin minti 3, na biyu cikin minti 12, to na farko ya ci ribar minti 45 ba tare da ya fi ɗan'uwansa gudu ko da taku ɗaya ba. Wannan ya nuna cewa tseren jimiri gasar farfaɗowa ce kamar yadda yake gasar tafiya. A Kofin Tevis, kusan rabin waɗanda suka tashi ne kawai suke kai ƙarshe.

2.2. Zafi

Kimanin kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka take ƙonawa zafi yake zama. Doki yana fitar da mafi yawan wannan zafi ta hanyar zufa, kuma a rana mai zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 a awa guda. Zufar doki ta fi ta mutum gishiri nesa ba kusa ba, don haka yana asarar gishirin jiki tare da ruwan. In abin ya yi yawa sai hanji ya tsaya, tsoka ta ɗaure, zuciya ta ƙi saukowa.

Fata ce ƙofar fitar zafi, kuma faɗin fata ba ya ƙaruwa daidai da nauyi. In muka kwatanta doki mai kilo 400 da mai kilo 600 masu siffa ɗaya, nauyin na biyu ya ninka na farko sau 1,5 amma faɗin fatarsa sau 1,3 kawai. Kowane kilo na jikinsa ya rasa wajen kashi 13 cikin ɗari na fatar da zai sha iska da ita. Kauri na tsoka, kitse da yawan gashi duk suna ƙara wannan matsala.

2.3. Dalilin rinjayen dokin Larabawa

Daga nan ana iya gane abin da ya ba dokin Larabawa rinjaye. Ba shi da nauyi, fatarsa siririya ce, jijiyoyin jininsa suna kusa da waje, tsokarsa doguwa ce marar kauri. A cikin tsokar kuma, zaruruwan da suke aiki da iskar oksijen sannu a hankali ba tare da saurin gajiya ba sun fi yawa, in aka kwatanta da dawakin gajeren gudu. Duk waɗannan halaye ne na jiki da ake iya aunawa. Dokin da ya same su ta wata hanya zai yi aikin, wanda kuma yake da takardar asali ta Larabawa amma ya rasa su zai gaza.

3. Doki mai tattausan taku

3.1. Inda takun ya samo asali

A 2012 masu bincike na ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Leif Andersson na jami'ar Uppsala, suka gano cewa canji guda a cikin ƙwayar gado mai suna DMRT3 yana da babban tasiri a kan takun doki. Ƙwayar tana aiki a cikin jijiyoyin laka waɗanda suke tsara yadda ƙafafu suke bin juna. Siffarta ta asali ana yi mata alama da C, wadda ta canza kuma da A. Dokin Aislan da ya gaji A daga uwa da uba shi ne yake iya takun raƙumi da gudu, wanda ya gaji A guda yakan yi « tölt » amma sassarfarsa da sukuwarsa sun fi kyau. A dokin Larabawa da dokin sukuwa na Ingila kusan babu A. Ƙwayar ba ta bayyana kome da kome ba, domin a cikin Mangalarga Marchador akwai masu tattausan taku da ba su ɗauke da A. Akwai kuma takun da horo ya koyar, kamar yadda a ƙasashen Magrib akan ɗaure ƙafafun gefe guda da igiya har dabba ta saba.

Muhimmin abu a nan shi ne DMRT3 ta shafi tsarin ƙafafu ne. Girman zuciya, kaurin fata da irin tsoka daga wani wuri suke zuwa. Tattausan taku shi kaɗai bai ba doki jimiri, bai kuma hana shi.

3.2. Ƙarfin da takun yake ci

A 1981 Hoyt da Taylor suka ɗora ƙananan dawaki a kan na'ura mai shimfiɗa da ke gudu ƙarƙashin ƙafa, suka auna iskar oksijen da suke shaƙa. Suka ga kowane taku yana da saurin da ya fi arha a gare shi, in aka yi ƙasa da shi ko sama da shi tsadar kowane kilomita sai ta hau, kuma dokin da aka bari ya zaɓa da kansa yakan tsaya kusa da wannan sauri mai arha. A 2015 aka kwatanta « tölt » da sassarfa a jikin dawakin Aislan da suka ƙware, a sauri iri ɗaya, aka tarar bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne.

Darasi biyu ke nan. Na farko, tattausan taku ba ɓarnar ƙarfi ba ne ga dokin da aka haifa da shi. Na biyu, mahayin da ya tilasta wa doki taku guda daga safe har dare, don jin daɗin bayansa, yana sa shi biyan tsada a duk inda saurin ya fita daga ma'aunin takun. Dokin da yake iya sauyawa tsakanin tafiya, tattausan taku, sassarfa da ƙaramar sukuwa yana raba aikin ga tsokoki dabam-dabam.

3.3. Riba da cikas

Babbar ribar ta mahayi ce. Wanda bai jijjiga ba na tsawon awa 15 yakan zauna daidai a kan sirdi har ƙarshe, gajiyayyen mahayi kuwa yakan karkata, ya zama kaya marar daidaito, ya ji wa doki ciwo a baya. Riba ta biyu tana kan hanyar dutse da gangara, inda ba a iya gudu: a nan doki mai saurin tafiya yakan wuce wanda dole ya koma tafiyar sannu.

Cikas kuwa uku ne. Na farko, a fili mai laushi kamar na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda ake cin kilomita 160 da saurin da ya wuce kilomita 20 a awa, kusan duk hanyar da sukuwa ake yin ta, kuma sukuwa ce raunin yawancin dawaki masu A biyu. Irin wannan sauri yana da nasa haɗari, har FEI ta dakatar da tarayyar wannan ƙasa na wani lokaci a 2015 saboda halin da dawaki suke shiga.

Na biyu yana tashar likita. A sassarfa, doki mai ciwo a ƙafar gaba yakan ɗaga kai duk lokacin da ƙafar ta taɓa ƙasa, kuma da wannan ake kama ɗingishi. Dokin Tennessee kuwa gyaɗa kai yana cikin takunsa na lafiya. Likitan da bai saba ba yana iya fitar da lafiyayyen doki, ko kuma, abin da ya fi muni, ya bar mai ciwo ya ci gaba. Dokar AERC ta yarda a duba doki a sassarfa ko a takun da ya yi daidai da ita, amma ya rage ga mahayi ya koya wa dokinsa taku guda mai tsabta da zai nuna a hannu.

Na uku ya zo daga masu kiwo. Inda aka daɗe ana zaɓen dawaki don nuni a fili, an fifita ɗaga ƙafa sama a kan cin nisa. A Amurka abin ya kai ga ana ƙona ƙafafun dokin Tennessee da magunguna don ya ƙara ɗagawa, har aka kafa dokar hana wannan a 1970. A dokin Paso na Peru ne kuma aka fara bayyana wata cuta ta lalacewar jijiyar da ke riƙe wuyan ƙafa, wadda take hana ƙarko. Don haka sunan iri bai isa ba, sai an dubi gidan da dokin ya fito da aikin da iyayensa suka yi.

3.4. Abin da aka gani a hanya

Dawakin Tennessee sun sha kai ƙarshen Kofin Tevis. Wani dokin Aislan mai suna Remington ya tara fiye da mil 10.000 a tseren AERC. Amma a jerin waɗanda suka ci gasar duniya ta FEI, jinin Larabawa ne ake gani. Bisa ga rabe-raben da muka yi a 1.1, doki mai tattausan taku ya nuna jimiri, ya nuna ƙarko, bai nuna saurin da ake cin babbar gasa da shi ba.

4. Doki ruwa-biyu

4.1. Inda gaurayen ya yi amfani

Yawancin dawakin da suke bin na Larabawa a baya a wannan wasa ƴaƴansa ne ta gefe guda. A Faransa, hukumar gandun Cévennes ta sayi ingarman Larabawa mai suna Persik, haifaffen gidan kiwo na Tersk a Tarayyar Sobiyet a 1969, don ya hau goɗiyoyin yankin. Persik ya ci tseren Florac na farko da na biyu, a 1975 da 1976, kuma zuriyarsa, tsantsa da ruwa-biyu, ta zama ginshiƙin kiwon dawakin jimiri na Faransa. Irin da ake kira Shagya ya fito ne daga gidan kiwo na Bábolna a Hangari, inda aka haɗa ingarmun Larabawa, ciki har da wanda aka kawo daga Siriya a 1836, da goɗiyoyin da ba tsantsa ba. Wani dokin Shagya mai suna Hungares shi ya ci gasar duniya a Aachen ta Jamus a 2006. A Magrib kuma, « arabe-barbe » shi ne dokin da ya fi yawa. A duk waɗannan, abin da aka haɗa da jinin Larabawa doki ne marar nauyi, gaurayen ya ƙara tsawo ko ƙashi ko sanyin hali ba tare da ya toshe ƙofar fitar zafi ba.

4.2. Inda ya yi ɓarna

A 1935 mahayan Turkmenistan suka tashi daga Ashgabat zuwa Mosko, tafiyar sama da kilomita 4.000 cikin kwana 84, ciki har da kwana uku na ratsa hamadar Karakum kusan ba ruwa. A cikin dawakin akwai Akhal-Teke tsantsa, akwai waɗanda aka gauraya da dokin sukuwa na Ingila don ƙara musu gudu. Tsantsar sun iso da ƙarfinsu fiye da gaurayen, abin da ya sa masu riƙe da kundin asalin irin suka daina karɓar gauraye. An nemi sauri, an same shi, an biya da jimiri.

Binciken da Emmeline Hill ta jagoranta a Ailan a 2010 ya nuna wani ɓangare na dalilin: ko a cikin dokin sukuwa na Ingila, ƙwayar gado MSTN tana raba masu kaurin tsoka na gajeren zango da masu dogon zango. Gauraye da manyan dawakin jan kaya ko da dokin Quarter mai tarin tsoka yana da ƙarin haɗari, domin a cikin waɗannan iri akwai cutar gado ta ɗaurewar tsoka da ake kira PSSM.

4.3. Alfadari

Doki yana da kuromozom 64, jaki 62, alfadari 63, shi ya sa ba ya haihuwa sai nadiran. Amma a wajen jimiri ba a raina shi. Ya gaji taurin kofato da jure ƙishirwa daga uba, ba ya kuma yarda a kai shi inda ƙarfinsa ya ƙare. A 1974 alfadari ya ci Kofin Haggin, wanda ake ba dabbar da ta fi lafiya cikin goma na farko a Tevis. A 1976, a tseren da ya ratsa Amurka daga jihar Niyok zuwa Kaliforniya, sama da kilomita 5.000, alfadarin Virl Norton ne ya zo na ɗaya a gaban dawakin Larabawa. Da nisa ya ƙaru, sauri ya ragu, sai rinjaye ya koma wani wuri.

4.4. Haɗa Larabawa da mai tattausan taku

Waɗansu masu kiwo suna haɗa iri biyun don su sami zuciyar ɗaya da takun ɗaya. Lissafin gado ya nuna iyakar wannan fata. Uba mai C biyu da uwa mai A biyu suna haifar ɗa mai C da A. Yana iya yin tattausan taku, yana iya tsayawa ga sassarfa, yana kuma iya fitowa da taku mai rikici tsakanin biyun, wanda ba ya daɗi ga mahayi, ba ya kuma karantuwa ga likita. Sauran halayen jiki ma haka suke rabuwa. Ruwa-biyu ba a sanin abin da ya gada sai an hau shi an auna.

5. Abin da ya shafe mu

Dawakin Sahel, irin su ɗan Arewa, ɗan Manga da dokin Bagazan na Azbin wanda Edmond Bernus ya yi rubutu a kansa, dangin Barbar da Dongola ne da suka daɗe suna gauraya. Marasa nauyi ne, sun saba da zafi da ƙarancin ruwa, wato suna da yawancin abin da muka lissafa a sashe na 2. Filin sukuwa kuwa dogon doki mai gudu yake so, kuma an ga inda wannan buƙata take kaiwa a Sudan, inda aka samar da irin da ake kira Tawlid ta hanyar haɗa dokin ƙasa da na Ingila. Labarin 1935 gargaɗi ne ga duk mai son bin wannan hanya ba tare da ya ajiye tsantsar jinin gida ba.

Wanda yake son gwada dokinsa ba ya bukatar na'ura. Agogo da yatsa a kan jijiyar ƙarƙashin muƙamuƙi sun isa. A ƙirga bugun zuciya kafin tashi, a yi kilomita 20 da sassarfa da tafiya a lokacin sanyi, a ƙirga da isowa, a sake bayan minti 10. Dokin da aka ɗaure a turke aka ƙosar don hawan salla ba zai ba da amsar kirki ba sai ya yi watanni yana kilisa, ya rage kitse, an kuma sauƙaƙa masa sirdi. Zuciya tana ƙarfafa cikin watanni, jijiya da ƙashi sai shekaru, shi ya sa FEI ba ta barin dokin da bai kai shekara 8 ba ya shiga tseren kilomita 160.

6. Kammalawa

Mun ga cewa « dacewa » uku ce, « tattausan taku » suna ne na tsarin ƙafafu wanda ya tara dawaki masu jiki dabam-dabam, « ruwa-biyu » kuma bai faɗin abin da aka gauraya. In manufar ita ce a kai ƙarshe lafiya a kuma yi ƙarko, doki mai tattausan taku, da ruwa-biyu marar nauyi, da alfadari duk sun dace, da sharaɗin ƙafafu masu lafiya da horo na shekaru. In manufar ita ce a riga kowa a babbar gasa, jinin Larabawa, tsantsa ko rabi, shi ne ya fi kusa da ita. A kowane hali, saurin saukar bugun zuciya da yadda jiki yake fitar da zafi su ne ma'auni, kuma ana auna su ne a jikin doki guda, bayan tafiya.

Ta fuskar harshe, mun gabatar da « tseren jimiri », « takun raƙumi » da « tattausan taku » a matsayin shawara. Aikin da ya dace ya biyo baya shi ne a bi bargogin Damagaram, Maraɗi, Tawa da Dogon Dutsi, a tattara sunayen taku daga bakin masu kula da dawaki, a rubuta jerin saukar ƙafafu na kowane suna. Inda aka tarar da kalmar gida da ta riga ta riƙe ma'anar, ita ta fi cancanta ta shiga ƙamus.